Ƙahon da Na Hana Ɗiyata

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Ubana ya taso daga ƙasar Sakkwato da zabira a kafaɗa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira ta ƙasar Sudan, ya zauna. A nan aka haife ni, a kambo, ƙauyen 'yan ƙwadago da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Daga kambonmu zuwa garin Hasahisa, inda babban asibiti yake, tafiyar rabin yini ce a ƙasa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani jini ne. Na san na mai ciwon baya, na san na mai ciwon kai, na san yadda yake daskarewa a cikin ƙaho kamar hanta kafin in kife shi a ƙasa.

Shekarar da nake magana Turawa sun daɗe da tafiya. Damina ta yi kyau, dawa ta nuna, gyaɗa ta isa cira. Ruwan tur'a laka ne, saboda haka kowane gida akwai randuna da ake cikawa a bar ruwan ya kwanta. Sauro ya yi yawa, har da wani ƙarami mai ɗigon fari a ƙafa da ke cizo da rana tsaka. Ba wanda ya kula da shi.

Wani mutuminmu ya dawo daga dako a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan da zazzaɓi a jikinsa. Ya kwanta kwana shida ya tashi. Bayan sati biyu sai mutane suka fara kwanciya gida-gida. Ciwon kai a bayan ido, gwiwa da baya kamar an daka su a turmi. Tsofaffi suka ce abu rukab ne, mai kama gwiwa, sun san shi tun da, ba ya kisa. Irin wannan ciwon, wanzami ake kira. Na yi wa mutane da yawa ƙaho a ƙeya da gadon baya, suka tashi, suka yi mini godiya.

Sai aka kira ni wajen ɗan maƙwabcina, saurayi mai ƙarfi da ke ɗaukar buhun dawa shi kaɗai. Na tsaga, na kafa ƙaho, na zuƙa, na toshe. Da na cire, jinin bai daskare ba. Ya tsinke kamar ruwan zoɓo. Na danna toka, na danna ƙonanniyar auduga, na ɗaure. Washegari tsumman ya jiƙe, kuma hancinsa ya fara zuba. A kwana na biyar zafin jikin ya sauka. Uwarsa ta yi guɗa, ta raba wa yara sadakar gumba. Na taɓa ƙafarsa na ji ta da sanyi, amma ban ce komai ba. Kafin la'asar ya cika.

Na gaya wa kaina ajali ne. Bayan kwana huɗu ladan ya kira ni wajen ɗiyarsa mai shekara goma sha ɗaya. Ƙananan tsaga na yi mata a gefen goshi, uku nan uku can, yadda ake yi wa yara in kai ya matsa musu. Su ma suka ƙi tsayawa. Ta yi aman baƙin jini, zazzaɓi ya sauka, jikinta ya yi sanyi, ta bi shi. Daga ranar na daina gaya wa kaina ajali ne kawai.

Bayan mun dawo daga maƙabarta shehun kambo, wato mai garinmu, ya tara maza a rumfar masallaci. Dattijo ne mai hankali, ba mugu ba. Ya ce:

"Maganar ga ba ta ƙetare gada. In hukuma ta ji ana mutuwa da jini a baki, karantina za ta yi muna, ba shiga ba fita. Dawa na tsaye. Masu hawasha, gonakin ga da muka noma, ba su jiran kowa, wasu za su ɗauka su girbe, rabonmu ya tafi. Mutum nawa nan ke da takardar jinsiyya ta ɗan ƙasa? Da ma cewa suke mu Fallata ke kawo ciwo."

Wani ya ce ya taɓa ganin kambon da aka cinna wa wuta saboda agana. Sai shehu ya juyo gare ni.

"Kai kuma Wanzam, in sunka zo, wa za su fara tambaya? Askar wa ta taɓa yaran?"

Aka shafa fatiha a kan ba mai faɗa. Na shafa tare da su.

Kwana uku bayan haka ɗiyata ta kwanta. Shekararta tara. Biyar muka haifa, ita kaɗai ta rage. Ta riƙe kai tana cewa idonta zai faɗo. Na sayo ƙwayar asbiro ta ciwon kai a kanti ina ba ta safe da yamma, don kada in zauna hannu sake.

Mahaifiyata tana gidan tare da mu. Matar wanzami ce, uwar wanzami, ta fi shekara hamsin tana ganin ƙaho yana tayar da mutane. Ta ɗauko zabirata da kanta ta ajiye a gabana.

"Mi kaka jira? Ɗiyar ga na ƙonewa."

"Bari dai, Inna."

"Bari mi? Ɗiyan mutane ka yi ma, taka ka hana? Mugun jini ne ya taru mata a kai. Ubanka da yana raye da tuni ya fidda shi."

"Ba zan taɓa ta da aska ba."

"Don mi?"

In na faɗi dalili, na faɗa da bakina cewa askata ta taimaki mutuwar yara biyu, kuma katangarmu ta kara ce, maƙwabcin da ya binne ɗansa yana jin tarinmu. In na yi mata ƙahon, na san abin da zai biyo. In na ƙetare gada, na karya fatiha, na rufe mutane sama da gida arba'in a bakin girbi. Duk inda na juya bango ne. Na ɗauki zabirar na rataye a inda take.

Da Inna ta fita matata ta ce a hankali, "Malam, ka ga wani abu ne?"

Na ce, "Ki riƙa ba ta ruwa."

Rana ta huɗu ta gutsuri kisira, wainar dawa, ta ajiye, na ga ja a inda haƙoranta suka taɓa. Na fito da ita haske, na juya leɓenta na ƙasa. Ƙananan ɗigo-ɗigo ja kamar an watsa garin barkono. Na taɓa ganinsu a bakin ɗiyar ladan lokacin da nake duba ta, ban san me suke nufi ba sai yanzu.

Rana ta biyar da safe zazzaɓi ya sauka. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta fara neman gero na sadaka. Yarinyar tana kwance shiru, ta ce cikinta na ciwo. Na kama ƙafarta. Sanyi. Sau biyu na ga wannan hanyar, na san inda take ɓullewa, na kuma san daga safiya zuwa la'asar ne.

Na sauke zabira na rataya a kafaɗa. Ba don aiki ba, don kada a yi amfani da ita a bayana. Na ce wa matata kada ta bar kowa ya taɓa yarinyar. Na fita.

Gada ɗaya ce ke fita daga kambo, kuma shehu yana zaune a bakinta yana kallon masu tafiya gona. Ya ga zabira, ya ga fuskata.

"Ina zuwa, Wanzam?"

"Shafakana."

"Mun shafa fatiha."

"Mun shafa, Baba."

"Gida arba'in, saboda ɗiya guda?"

"Ita ke gare ni."

Bai tare ni ba. Ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shafakana, ƙaramin ɗakin maganin yankin, tana ƙauyen Larabawa kusa da ofishin mufattish, Baturen gona a da, yanzu ɗan ƙasa mai duba hawasha. Ɗaki biyu ne, da mutum ɗaya da muke kira hakim. Ba cikakken likita ba ne, amma shi ke allura, shi ke rubuta takarda zuwa sama. Siriri ne, ɗan arewacin ƙasar, yana shan shayi da na shiga. Na gaya masa da Larabci ɗiyata ba lafiya.

Ya ce, "Malariya ce, ya zol," wato bawan Allah. "Bayan damina kowa malariya. Karɓi ƙwaya ka tafi."

Na ce ba ita ba ce.

"Kai ne hakim ko ni?"

Na kwance zabira na juye a kan teburinsa. Ƙahoni, asake, dutsen wasa. Na ce shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin jinin da ya ƙi daskarewa ba sai bana. Na ce na tsaga mutum biyu, jininsu bai tsaya ba, kuma mun binne su ba mu gaya wa kowa ba.

Ya ajiye kofin. Ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kwana nawa zazzaɓin ke yi? Idonsu ya yi rawaya? Ta ina jinin ke fita? Kashinsu baƙi ne? Mutuwar tana zuwa cikin zafin jiki ko bayan ya sauka? Akwai wanda ya zo daga tafiya? Da na ce Bur Sudan sai ya ɗaga kai. Ya jawo wata doguwar takarda daga aljihun tebur, ya riƙe alƙalami bai rubuta ba.

"Ka san in na rubuta wannan ba ya gogewa? Sunanka zai shiga, da abin da ka yi. Kambonku kuma za a rufe shi, don sai an tabbatar ba shawara ce mai kisa ba."

"Rubuta."

Ya rubuta. Ya shiga ofishin mufattish ya buga waya Hasahisa, ina jin yana ɗaga murya yana maimaita kalma ɗaya, jini, jini. Mufattish ya ba da motarsa. Ranar ce farkon shigata ƙaramar mota, ban tuna komai na hanyar ba.

Da muka shiga gida na tarar da matata a ƙofar ɗaki tana kuka ba sauti. Ta fita ɗebo ruwa ne kawai. Inna ta aika aka sayo mata reza a kanti. Uku nan, uku can, a gefen goshi, daidai yadda ta ga mijinta yana yi, hannunta ko karkata bai yi ba. Tana zaune ta danna gefen zanenta a kan yarinyar, zanen ya jiƙe, tabarma ta jiƙe.

Ta ɗago ta dube ni. "Ya ƙi tsayawa," in ji ta. "Ɗana, ya ƙi tsayawa."

Na ɗauke zabira, na manta kanti. Ban ce mata komai ba a ranar, ban kuma taɓa ce mata ba har ta rasu.

Hakim ya naɗe kan da bandeji ya matse sosai. Ya buɗe idon yarinyar ya duba, ya ce ba rawaya. Ya lalubi jijiyar hannunta ya daɗe kafin ya same ta. Ya ga takardar asbiro a kan randa, ya tambayi wa ya ba ta. Na ce ni. Ya jefa a aljihu ya ce wannan ƙara tsinka jini yake. Ashe ni ma da nake ganin na tsare ta, kwana huɗu ina taya ciwon.

Aka ɗauke ta zuwa mota, uwarta ta shiga. Na sa ƙafa zan shiga, hakim ya riƙe mini riga.

"Kai kana nan. Uwar ma da ƙyar zan fitar da ita. Kuma ina bukatarka, ka san gidajen da ke da marasa lafiya."

Motar ta ƙetare gada. Ina tsaye har ƙurarta ta kwanta.

Muka bi gida-gida, mutane suna buɗe mana ƙofa ba don suna so ba. Yana da wata roba da yake naɗawa a damtse ya hura mata iska, ya duba agogo, bayan ɗan lokaci ya kwance ya nemi jajayen ɗigo a ƙasan gwiwar hannu. Ya ce in sun fito da yawa, jijiyoyin mutum sun fara yoyo. Amma a cikin duhun ɗaki, a kan baƙar fata, ba ya ganin komai. Yana ta murza ido. Na ce a fito da mutum rana. Na shafa ɗan man gyaɗa a wurin, na ja fatar da yatsu biyu yadda nake yi kafin in tsaga. Suka fito. Na nuna masa cikin leɓe da ƙarƙashin fatar ido. Ya dube ni, ya ce in ci gaba, shi yana ƙirgawa yana rubutawa. Mutum uku ya ware a ranar ya ce su ma sai asibiti.

Na tambaye shi sunan ciwon. Ya ce abu rukab ne da tsofaffinmu suka faɗa, a littafinsu hummad dank, amma akwai irinsa mai zubar da jini da ya karanta a takarda, ana samunsa a ƙasashe masu nisa, shi bai taɓa gani ba. Ya ce ba zai rantse ba sai an kai jini Hartum an duba. A takarda zai rubuta ana zato. Ya ce wannan sauron na rana ne ke ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Ya ce ba ƙahona ya kawo ciwon ba, amma ƙahon ya buɗe masa ƙofa.

Kafin la'asar 'yan sanda biyu suka kafa tanti a bakin gada. Ɗayansu ya karɓi zabirata ya sa a buhu, ya ce in an gama za a neme ni.

Ba a ƙona kambo ba, ba a kuma tambayi kowa takarda ba. Amma sauran abin da shehu ya faɗa duk ya faru. Ma'aikatan lafiya suka zo da abin feshi a baya, suka kife randuna ɗaya bayan ɗaya, suna nuna wa mata 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a gindin ruwan, suna cewa ga 'ya'yan sauron nan kuna kiwo. Randar da ta tsufa suka fasa. A hayin tur'a kuma muna kallo aka kawo wasu mutane a lori suka shiga dawar da muka nome tun shuka. Maza suna zaune a bakin ruwa daga safe har yamma suna kallon ana yanke ta.

Ba wanda ya zage ni. Sallamata ce aka daina amsawa. A masallaci sahu yana barin gurbin mutum ɗaya a damana, ɗaya a haguna. A gida Inna ta wanke tabarmar nan ta shanya, washegari ta sake wankewa. Ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta.

Kowace safiya ina zuwa gada in tambayi ɗan sanda ko akwai labari daga Hasahisa. Yakan ce, "Ni gada aka ba ni, Hajji, ba asibiti ba." Rana ta uku hakim ya zo ya ce tana da rai, ana ƙara mata ruwa ta jijiya, an ɗebi jinin uwarta an sa mata. Ya ce kada in sa rai da yawa, kada kuma in cire. Daga nan aka tura shi wani kambo, wani ya maye gurbinsa wanda bai san ta ba. Kwana bakwai ban ji komai ba. Ga hanyar Hasahisa ina ganinta daga inda nake tsaye, rabin yini ce, na sha takawa da zabira don sunan jariri. Tur'ar ma ba ta fi ƙarfina ba, na iya ruwa. Amma in na gudu, ɗan sanda ya ce za a ƙara wa kambo kwanaki. Na riga na ci musu girbi.

Wata rana bayan azahar ladan ya zo ya tsaya kusa da ni a bakin ruwa. Shi ne mutum na farko da ya yi mini magana. Na ɗauka zancen dawa zai yi.

Ya ce, "Wanzam, tun kan ɗan maƙwabcinka ka ga jinin bai tsaya ba?"

"Na gani."

"Kuma ka zo ka tsaga tawa."

"Na zo."

"Da ka taka gadar ga tun ran nan, da tawa ma an sa ta mota."

Ya ɗan tsaya, ya ce Allah ya ba taka lafiya, ya tafi kiran la'asar.

Rana ta goma sha ɗaya da hantsi ina zaune a wurin da na saba, sai na hango jaki a kan hanyar hayi, mace tana jansa, wani ƙaramin abu a kansa lulluɓe da zane. Na miƙe. Ban iya gane ko zaune yake ko ɗaure yake ba. Suka iso gada, ɗan sanda ya tare su, ya ce in sun shiga ba su fita sai an buɗe.

Matata ta ce, "To da ina za mu?"

Abin da ke kan jakin ya yaye zanen ya ɗaga hannu. Ta rame har wuyanta kamar kara. Ta ce, "Baba, sun aske mini kai, kuma ba su iya ba."

Na sauke ta da kaina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Inna ta fito ƙofar gida ta tsaya, ta kasa matsowa, sai yarinyar ce ta je gare ta.

Bayan kwana biyar aka kwance tanti. Cikin ukun da aka kai asibiti biyu sun dawo. 'Yan sanda suka kira ni Hasahisa, na kwana biyu a wurinsu, hakim ya je ya yi magana aka sake ni, zabirar dai ba ta dawo ba. Ta ubana ce, da ita ya taho daga gida. Na tambayi hakim abin da Hartum ta ce. Ya ce jinin ya lalace a hanya saboda zafi, takardar tana nan yadda ya rubuta ta, ana zato.

Shekarar an sha wuya a kambo. Wasu gidaje sun tashi. Na sayi sabuwar aska, amma kawunan da ke zuwa ba su da yawa, don haka da rani muka koma wajen Damazin na kama noma. Ina aski in an kawo kai. Mai zazzaɓi kuwa in an kira ni, nakan juya leɓensa in duba, in ce a kai shi shafakana, ko sun so ko sun ƙi.

Ɗiyata ta girma, ta haifi bakwai. Tabo shida na nan a gefen goshinta. A Damazin mutane kan tambaye ta ko zanen gidansu ne, na wane gari. Takan ce na kakata ne.